Shirun Madam Kubura

Duk wanda ya yi ajin farko a hannun Madam Kubura a Filinge zai gaya maka abu biyu: ba ta duka, kuma ba ta fara karatu sai an yi shiru. Ƴar garin Bonkuku ce. Wurin kakarta ta koyi abin, tsohuwar da idan za ta sheƙe hatsi takan tsaya da ƙwarya a hannu, ido rufe, har sai ta ji ta inda iska ke zuwa. Shi ya sa kowace safiya Madam ke sa yara su rufe ido, su ɗora hannu a ƙirji, su ja numfashi, sannan ta ce, "Mi kunka jiya?" Wani ya ce jaki, wani ya ce cikin ɗan ajinsu Manzo ne ke kuka. Sauran malamai suna yi mata tsiyar cewa barci take koyarwa. Ko a jikinta.

Shekarar da mutanen ƙauyukan Abala suka yi gudun hijira zuwa Filinge aka kawo mata Latifa, yarinyar da ƴan bindiga suka kashe ubanta a ƙofar gida. A kan babura ƴan bindigar suka zo. Madam ta san labarin, amma ba ta yi tunani ba, ta ce kowa ya rufe ido kamar kullum. Sai wani ɗan kasuwa ya bi ta bayan katanga da babur. Latifa ta kurma ihu, ta shige ƙarƙashin benci, ta jiƙe zanenta.

Madam ta yi kuka a ranar, don ta ga abin da ta ɗauka magani shi ya fama ciwon. Uwar Latifa ta ce za ta cire ƴarta daga makaranta. Madam ta bi ta har bukkarsu tana roƙo.

Daga nan ba ta ƙara ce wa Latifa ta rufe ido ba. Takan zauna kusa da ita a ƙasa, su yi numfashi tare, ido buɗe, suna kallon ƙofa. Haka har damina ta kusa.

Wata safiya yarinyar ta rufe ido da kanta. Babur ya taho, amma ba ta motsa ba.

"Mi kinka jiya, ɗiyata?"

"Babur, Madam. Ya wuce, bai tsaya ba." Ta buɗe ido. "Na gidanmu ne sunka tsaya."