Sista Rifkatu ta tafi, ga Alhamis tana zuwa

Da safen nan ina shanya kaya maƙwabciyata ta leƙo ta ce Sista Rifkatu ta rasu. Nas ɗinmu, mai yi wa yara rigakafi a ƙaramin asibitin nan Romi.

Har yanzu kayan suna cikin bokiti.

Masu tambayar gida: maigidana lafiya, yana wurin aiki a Kakuri. Bitrus lafiya, ya tafi makaranta. Godiya, 'yar wata uku, zazzaɓinta ya sauka, kumburin cinyar ma ya ragu. Ni ce ba lafiya.

Lokacin da Bitrus yake goye ban iya karatu ba. Masu ɗigon shan-inna suna bi gida-gida su ɗiga masa a baki, su shafa masa tawada a farce, ni kuma na ɗauka ya gama rigakafi ke nan. Na kai shi awo sau biyu, na miƙa kati, aka miƙo mini, ban ce komai ba. Ina tsoron a yi mini tsawa a gaban mata.

Sai ƙyanda ta kama shi. Da ƙyar ya tashi.

Sista ce ta buɗe katin a gabana, ta ɗora yatsana a kan layukan da babu rubutu. Na jira faɗa. Sai ta ce, "Maman Bitrus, da kin zo awo, wa ya ɗinke miki baki?"

Na ce kunya nake ji.

Ta ce, "Kunyar wa? Ɗana ne ko ɗanki?"

Ita ta tura ni ajin yaƙi da jahilci na coci, ina da shekara talatin da ɗaya. Da na fara haɗa baƙi ta ce in riƙa rubuta tambayoyina a takarda in sa cikin kati. Ranar awo, ko layi ya kai ƙofa, sai ta ce, "Ina takardar lauya?" Mata su yi dariya. Daga baya su ma suka fara tambaya. Wace allura ce wannan, maganin me, yaushe za a dawo.

Allurar da aka yi wa Godiya ta ƙarshe, ta yi kwana biyu jikinta zafi, cinya ta kumbura. Babanta ya tsorata, ya ce ba za a ƙara taɓa masa 'ya ba.

Ranar Asabar na gamu da Sista a Makera tana jiran keke, na gaya mata. Ta rame, amma ban tambaye ta ba. Ita da ta koya mini tambaya.

Ta ce, "Ki kawo mini shi ranar Alhamis tare da yarinyar. Ya tambaye ni duk abin da yake so, ko ya kai ɗari. Ki ce masa ba na cizo."

Ya yarda don ita ce. Ya ma nemi izini a wurin aiki. Yanzu na kira shi na gaya masa rasuwar, ya ce to shi ke nan, a bari.

Ba na so a bari. Na ga abin da ƙyanda ta yi wa ɗana. Amma ban san amsar da zan ba shi ba, kuma ban san wadda za mu tarar a kujerar ba.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa, ya ba ta hutawa, ya ta'azantar da 'ya'yanta. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.

Kuma ina roƙo. Idan akwai nas a cikinku da za ta saurari maigidana ba tare da tsawa ba, ko uwar da za ta raka ni, ta amsa mini kafin Laraba da yamma. In ba wadda ta amsa, zan goya Godiya in tafi ni kaɗai. Ban dai sani ba ko bakina zai buɗe.