Mai Neman Labule a Zwolle

A kasuwar tsofaffin kayan mota ta garin Zwolle, Marijke mai sayar da kaya tana kallon wani mutum ya sa hankici yana goge tsohuwar tirelar kwanansa, irin ɗan ɗakin katakon nan da ake ja da mota. Rigar aikinsa sabuwa fil, farcensa tas kamar na likita. Da gani a ofis ya tsufa, bana ya fara riƙe guduma.

"Malama, kina da labule irin na da, mai launin ruwan lemo? Jibi zan kai matata Faransa a tirelar nan."

Ta danna yatsa ƙarƙashin tagar tirelar. Katakon ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi. Ruwan sama ya gama cinye shi, fenti kawai aka lafta.

"Maigida, a jikin me za ka rataya labulen?"

Sai ya hau goge shatin yatsanta.