Malam Moutari da hoton Sarki Kaithuama

Shekara ashirin da biyu Malam Moutari ya yi yana jera littattafai a ɗakin karatu na jami'a a Bron, gefen birnin Lyon. Ɗan Mirya ne, daga jihar Damagaram. Ya zo Faransa da niyyar zama dokta a tarihi, sai aure da 'ya'ya suka riga digirin isowa. Ya kama wannan aiki da cewa na wata shida ne, ga shi har furfura ta cika masa gemu. Bai taɓa kuka da hakan ba. Ɗalibai sun san idan na'ura ta ce littafi babu, a tambayi dattijon nan mai hula, zai tashi ya ɗauko.

Wata rana cikin sanyin Nuwamba ya lura da wata yarinya da ta kwana uku tana zama a kujera ɗaya, tana buga suna ɗaya a na'ura, tana tashi hannu wofi. A rana ta huɗu ya tarar ta kifa kai a kan tebur.

"'Yata, lafiya?" ya tambaye ta da Faransanci.

Sunanta Zorinpuii, amma ta ce ya kira ta Rini. 'Yar ƙabilar Mizo ce, daga duwatsun gabashin Indiya. Kakan kakarta take nema, wani sarkin ƙauye mai suna Kaithuama.

Ya ja kujera ya zauna, ita kuma ta ba shi labarin yadda kakarta ta ba ta. Kaithuama yana mulkin gida ɗari biyu a kan tsauni lokacin da sojan Ingila suka hawo. Suka aiko a ba su shinkafa da maza arba'in masu ɗaukar kaya. Ya ce wa manzon, baƙo idan yunwa ta kama shi ya zo ya ci, amma mutanensa ba alfadarai ba ne. Suka ƙone rumbunan garin. Ya kwashe jama'arsa ya shiga daji, damina biyu yana tare musu hanya. Da yara suka fara mutuwa da yunwa, ya sauko da ƙafarsa ya miƙa kansa, da sharaɗin a bar mutane su koma gona. Aka tafi da shi kurkuku a ƙasar kwari, bai dawo ba. Ko kabarinsa ba wanda ya sani.

"Malamin da ke duba aikin digirina ya ce in babu takarda, tatsuniya ce kawai," in ji Rini.

Malam Moutari ya ce, "Ni sunana Muhtari. Wanda ya rubuta ni a lakwal, makarantar boko, ya ji Moutari, shi ke nan na zama Moutari. Bature ba ya rubuta abin da aka faɗa, abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Faɗi sunan da sauri, kamar soja mai gajiya yana tambayar tafinta."

Ta faɗa, ya rubuta. Ta sake faɗa, ya sake rubutawa da wata siga. Sai da suka cika shafi.

"Kuma a wancan zamani, da wane suna Turawa ke kiranku?"

"Lushai."

"To, daina neman Mizo, nemi Lushai."

Sati biyar suna wannan aiki, shi a lokacin hutunsa na cin abinci. Matarsa Shamsiya ta gaji da ganin kwanon shinkafa yana dawowa ba a taɓa ba, ta fara zuba na mutum biyu. A sati na shida suka ci karo da layi ɗaya a jerin kayan wani gidan ajiyar hotuna a Paris: tsohon hoto da aka ɗauka a kan gilashi, daga akwatin wani matafiyi Bafaranshe, an rubuta "Kytooma, ɗan tawayen Lushai, fursuna".

Rini ta ce tsoro take ji ta je ita kaɗai. Ya ɗauki hutun kwana ɗaya, suka hau jirgin ƙasa na safe.

Ma'aikaciyar gidan ta sa safar hannu, ta ɗora gilashin a kan fitila. Ga mutum tsamurarre zaune a kan akwati, gashinsa a ɗaure a ƙeya, mayafi a kafaɗa, sarƙa a ƙafa. Sojoji biyu na tsaye a bayansa suna kallon gefe. Shi kuwa ya zuba wa mai ɗaukar hoton ido kai tsaye. Rabin kunnensa na hagu babu.

Rini ta dafe baki. Kakarta ta sha faɗa mata cewa damisa ta cire masa rabin kunne yana saurayi.

Malam Moutari ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya juya ga ma'aikaciyar cikin ladabi ya ce, "Madam, akwai gyara a katin bayanin hoton nan. Ga jikar jikarsa, za ta rubuta muku sunansa daidai. Kuma sarki ne."

Gyaran ya ɗauki wata takwas da wasiƙa huɗu, duk shi ya rubuta su. A ƙarshe aka sauya katin. Rini ta kai wa kakarta kwafin hoton har gida, tsohuwar ta sa aka rataye shi a ɗakin taron ƙauyen, aka yanka saniya.

Da Rini ta dawo Lyon don kare digirinta a gaban malamai, ta zo masa da saƙo daga tsohuwar: mayafi saƙar hannu, baƙi da ja da fari. Ya karɓa da hannu biyu, yana ta maimaita "Allah ya saka" da Hausa. Ranar Juma'a ya yafa shi a kan babbar rigarsa ya hau taram, jirgin cikin gari, zuwa masallaci. Mutanen Maraɗi da na Tawa suka kewaye shi a ƙofa suna taɓa saƙar, suna tambaya ta wace ƙasa ce. Ya ce su bari a idar da salla, labarin yana da tsawo.