Barkonon da Ruwa Ya Yi wa Yawa

Mai sayar da iri tana kallon dattijon da ke tsaye gaban rumfarta. Rigarsa wankakkiya ce amma ba guga, ya kuma saɓa maɓallan. Yana rungume da tsohon bokiti mai shukar barkono, ganyen duk sun yi rawaya.

Ta cusa yatsa cikin ƙasar, ta ji ta caɓe.

"Baba, ruwa ne ya yi yawa. Da damina sai ƙasa ta bushe ake ban ruwa, in ba haka ba saiwar ta ruɓe."

"Mai ɗakina ce ta shuka, 'yata."

Ba ta tambayi inda matar take ba, maɓallan sun gaya mata.

Yana shafa ganyen a hankali, ya ce, "To in ban ba ta ruwa ba, me zan tashi in yi da safe?"