Kwandon da na kai gindin randa

Shekarun baya, da kawuna ya rasu a gidanmu na Madabo, kowa ya ɗauki abin tunawa da shi, wani carbi, wani hula. Ni mesarsa na ɗauka. 'Yar ƙarama ce, ba ruwanta da kowa, in ta tsorata sai ta nannaɗe kamar gammo.

"Gadon da kowa ya guda, kai ka runguma," in ji mahaifiyata. "Sai ka riƙe masa amana."

A bayan murhu kawu yake ajiye kwandonta. Ni da iyayina na ga ai wannan azaba ce a zafin Kano. Na ɗauke ta na kai gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi da laima, wurin da ni kaina nake son shimfiɗa tabarma. Har ina jin na fi kawu tausayi.

Bayan 'yan makonni ta daina cin ɓera. Sai ta ɗaga kai sama, baki a buɗe, numfashinta na fita da ɗan fito. Ni kuwa ina ta yi wa abokina kuri wai gaishe ni take yi. Ya leƙa, ya ga kumfa a hancinta.

"Wannan ba gaisuwa ba ce, malam. Ɗauko ta mu tafi."

Likitar dabbobi ta buɗe bakin mesar, ta nuna mini majina mai yauƙi, ta saurari numfashin.

"A ina kake ajiye ta?"

Na faɗa, har da alfahari.

"Malam, maciji ba shi da ɗumin jikinsa, aro yake yi. Sanyin nan ne ya buɗe wa ciwo hanyar huhu. Ba ta iya tari, iska take nema in ta ɗaga kai."

Ta yi mata allura, ta ce a mayar da ita wuri mai ɗumi.

Da na koma bayan murhu na lura da tubala uku da kawu ya jera, yadda kwandon zai sami ɗumin bango, hayaƙi kuma ya wuce ta sama. Kullum ina ganinsu, ban taɓa tambayarsa na mene ne ba.

Na mayar da kwandon kan tubalan. Kwana huɗu ta ƙara, ta mutu a kansu.

Yanzu da gas ake girki a gidan, murhun ya daɗe da mutuwa, amma na hana a taɓa tubalan. Ina kewar mesar, gaskiya. Kawu kuwa, shekara nawa muna cin tuwo a kwano ɗaya, tambaya ɗaya ce kawai ban yi masa ba.