Rabinsa Semo Ne

Duk wanda ya saba shiga layin masu hatsi a kasuwar Kafanchan ya san Emilia Yafet, wadda ake kira Maman Asher. Shekara ashirin da shida ke nan tana sayar da acha a rumfa guda, kuma babu wanda ya taɓa tauna tsakuwa a cikin mudunta. 'Yar Kagoro ce, a gona ta tashi. Ta gama firamare, ta auri Yafet makanikin babur, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

Bayan haihuwarta ta biyu ciwo ya sa ta gaba: ciki ya murɗa, ya kumbura, ga gudawa, ga rama. Daga mai kemis har matan zumunta na coci, hukuncinsu ɗaya ne, wai olsa ce, kada ta kuskura ta zauna da yunwa. Saboda haka ba ta rabuwa da burodi a jaka. Da cikin ya motsa sai ta gutsura. Shekara goma sha ɗaya tana wannan biyayya, kafin wani likita a Jos ya yi mata gwaje-gwaje ya kira cutar da sunanta, siliyak. Hanjinta ba ya jure alkama ko ƙanƙani. Burodi, taliya, semo, cincin, duk sun haramta gare ta har ƙarshen rai. Ashe abin da take ɗauka magani shi ke sassaƙe mata hanji, abincin da zai raya ta kuwa yana tule a gabanta tana auna wa wasu.

A gida ta samu sauƙi, har kumatu suka dawo. A taro ne wahalar take. A ƙasarmu, wanda ya ƙi abincin ɗan'uwansa kamar ya ce masa mai guba ne. Emilia takan zauna a biki ko makoki tun safe har yamma ba ta sa komai a baka ba, yunwa tana yagar cikinta, mutane kuma suna yagar sunanta.

Babu wanda abin ya tsaya wa a rai kamar Caroline, yayar mijinta.

Da mahaifin Yafet ya rasu, aka taru a ƙauyensu kusa da Kagoro. Emilia ta zo da kunun acha a filas, amma kafin ta gama gaisuwa an tsiyaye shi an ba baƙi. Abin da ake rabawa burodi ne da taliya. Ta wuni tana jan ruwa, tana wanke kwanuka. Da la'asar ciwon yunwa ya kai ta ga durƙusawa a bayan rumbu, ta dafe ciki, gumi yana keto mata.

Nan Caroline ta same ta da kwano a hannu.

"Matarmu, tashi ki ci. Tuwon acha ne, saboda ke na tuƙa."

"Yaya, acha ce zalla?"

"To me zan sa? Siminti? Ko har yanzu tsoron hannuna kike yi?"

Emilia ta yi addu'a ta ci. Ta ci da godiya, har ta suɗe kwanon. Caroline ta jira sai da ta wanke hannu, sannan ta ɗaga kwanon sama a gaban matan da ke bakin murhu.

"Ku zama shaida. Rabinsa semo ne. Ga ta nan tsaye, ba ta mutu ba. Ciwon 'yan birni ke nan, ciwon iyayi."

Aka yi dariya. A gidan makoki aka yi ta, kuma har da matan da ke rera waƙa tare da Emilia kowace Lahadi.

Ba a jima ba amai ya soma. A kan babur Yafet ya kai ta asibiti, tana jingine da bayansa. Kwana uku ana ƙara mata ruwa, mako biyu rumfarta tana rufe. Waɗanda suka yi dariyar ba su ga wannan ba, domin sun riga sun koma gidajensu da labari mai daɗi.

Da ta miƙe, aka kira taron iyali don sulhu. Babban kawun Yafet ya yi jawabi mai tsawo a kan zumunci. Ya ce Caroline ta yi kuskure, amma ita ma Maman Asher ta daɗe tana kunyata gidan da ƙin abinci, saboda haka kowacce ta ba 'yar'uwarta haƙuri. Yafet ya sunkuyar da kai, ya ce da matarsa a hankali, "Ki yi haƙuri kawai, maganar ta wuce."

Emilia ta tashi tsaye. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, shekara bakwai ana cewa na zargi gidan nan da sa mini guba. Ban taɓa faɗa ba, ko a zuciyata. Na zauna da yunwa a bikinku, na zauna da yunwa a makokinku, don kada in ɓata wa kowa. Yau dai zan faɗa. Yaya Caroline ta san abin da ke kashe ni, ta sa shi a kwano, ta ba ni da sunan ƙauna. Idan akwai wani suna da ake kiran wannan, a gaya mini."

Caroline ta ce, "Gwaji ne kawai na yi."

"Na gane, Yaya. Da cikina kika yi gwajin."

Babu wanda ya kawo wani sunan. Emilia kuma ba ta ba da haƙurin ba, har yau.

Ba ta daina zuwa taron dangi ba, domin ta ce ba za a kore ta daga gidan 'ya'yanta ba. Sai dai tun daga ranar takan zo da 'yar tukunyarta da muciyarta da ƙullin acha. Takan kafa duwatsu uku a tsakiyar gida, inda kowa zai gani, ta tuƙa nata da hannunta, ta zauna ta ci ta ƙoshi. Wasu suna cewa cin fuska ne. Caroline kuwa takan juya baya idan hayaƙin ya tashi.

A bikin da aka yi bara, wata baƙuwa ta tambaye ta dalilin wannan murhu na daban. Emilia ta nuna Caroline da muciya, ta ce, "Ga malamar da ta koya mini can, ki tambaye ta."