Ni na sa wa Rakiya mantuwa

A da ni direban tifa ne, ina ɗaukar dutse daga wurin fasa duwatsu a Mpape. Ba na shaye-shaye, ba na fashin salla, a waje kowa ya san ni da fara'a. Shi ya sa nake so samari ku saurare ni, don irina ba a gane shi a fuska.

Matata Rakiya mai kaifin ƙwaƙwalwa ce lokacin da na auro ta, tana karantar da yara a islamiyyar unguwa. Marin farko a kan abin banza ne, na dawo ban tarar da ruwan wanka ba. Ta yi kuka, na sayo mata tsire, aka wuce wurin. Daga mari sai ƙulli. Kuma a tsakiyar kai nake duka, inda ɗankwali ke rufewa, don kada tabo ya fito a fuska mutane su gani. Ka ji wayon banza.

A shekara ta uku ta fara mantuwa. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta tsaya a salla ta rasa raka'a nawa ta yi. Idan ta ji ƙarar tifa a gangare, ko ba tawa ba ce, sai ta firgita. Islamiyya ma ta daina zuwa, don ayar da ta haddace tun tana yarinya sai ta ɓace mata a gaban ɗalibai. Ni kuwa na ce raini ne, na ƙara mata duka. Da abin ya ƙi, na ce aljanu ne. Na kai ta ruƙiyya wuri uku, na sayo turaren hayaƙi, har ana yaba mini wai miji mai kula.

Maƙwabciyarmu Mama Talatu, wata dattijuwa 'yar Gbagyi, ita kaɗai ta tare ni. Ta ce, "Oga direba, wannan ba aljani ba ne, hannunka ne. Bango ɗaya ya raba mu, ina ji." Na ce ta ji da abin da ya dame ta.

Wata rana Rakiya ta je kasuwa ta rasa hanyar gida, sai da la'asar wasu mata suka rako ta. Kunya ta kama ni, na huce a kanta. Ta faɗi a bakin dakali, jini na fita ta kunnenta. Mama Talatu ta tara jama'a, Rakiya aka yi asibiti da ita, ni aka miƙa ni ga 'yan sanda. A kotu aka karanta takardar likita: dukan kai da ya yi yawa, da zama cikin tsoro kullum, su suka taɓa mata ƙwaƙwalwa. Aka raba auren, aka ɗaure ni shekara uku.

Wallahi ba yunwa ce ta fi damuna a gidan yari ba, ba kuma kuɗin cizo ba. Tambaya ɗaya ce: shin hankalin baiwar Allahn nan zai dawo? Ba wanda ya zo ya gaya mini.

Da na fito, na je shagon yayarta Saude, na tsaya daga waje. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Me kuma ya rage?"

Na ce, "Yaya, jikinta kawai nake tambaya."

Ta ce, "Tana wurina a Lugbe, can kan hanyar filin jirgi. Tana ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ciwon kai bai bar ta ba, amma tana barci, tana fita ita kaɗai, har dariya tana yi. Ta ce ta yafe maka don Allah, amma kada ta sake jin muryarka."

Na zauna a kan benci ina kuka kamar yaro. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba.

Samari, idan matarka ta fara mantuwa ko firgita, kafin ka zargi iska, dubi hannunka da bakinka. Idan zuciya ta taso, fita ka bar gidan. Idan ka ji ana dukan wata ta bayan bango, kada ka yi shiru.

Yanzu tasi nake ja a cikin gari. Hanyar filin jirgi ta fi kowace hanya kawo ciniki, na sani. Amma duk fasinjan da ya ce mini Lugbe, sai in ba shi haƙuri ya nemi wata mota.